Darasi: Howatsin, Tsuntsun da Ke Kiwon Ganye a Bakin Ruwa

A darasin nan za mu ƙetare tekun Atlantika zuwa Kudancin Amurka domin mu san wani tsuntsu da ake kira howatsin. Tambaya biyu za mu riƙe: ina yake zama, kuma me yake ci? A kan tsuntsaye da yawa ana iya amsa kowace tambaya ita kaɗai. A kan howatsin hakan ba ya yiwuwa, domin abincinsa ne ya tsara masa jiki, jikin kuma ya hana shi yin nisa da ruwa. Wanda ya gane yadda abubuwan nan suka sarƙe a tsuntsu ɗaya zai iya bin sawunsu a kowace dabba da ya sani, shi ya sa muka ware masa darasi sukutum.

Kamanninsa

Daga baki zuwa ƙarshen jela tsawonsa ya kai santimita 65, nauyinsa kuwa bai cika kilo ɗaya ba. Kansa ƙarami ne a bisa dogon wuya, da tukku na dogayen gashi ja-ja a tsaye cako-cako. Fuskarsa ba gashi, fata ce shuɗiya, idon kuma ja wur. Bayansa baƙi-baƙi ne da ratsin fari, ƙirjinsa ruwan ƙasa mai haske, in ya buɗe fukafukai sai a ga ja mai duhu. Jelarsa doguwa ce mai faɗi, bakinta fari-fari. Mace da namiji kusan kamarsu ɗaya.

Ba shi da kuka mai daɗi. Gurnani ne da huci da wata ƙara mai kaushi, kuma sau da yawa mai kwalekwale yakan ji su tun kafin ya gan su. Yakan kuma ji warinsu, don tsuntsun yana warin ɗanyen kashin shanu. Ku riƙe wannan wari a rai, za mu ga tushensa nan gaba. A Birazil ana ce masa sigana, a Benezuwela cencena, a Peru shansho.

Ƙasar da ruwa ke mulki

Ku buɗe taswirar Kudancin Amurka. Ta yamma za ku ga tsaunukan Andis sun miƙe tun daga arewa har kudu. Daga gindinsu ƙasa ta kwanta, ta shimfiɗe har bakin Atlantika. A arewacin wannan fili manyan koguna biyu ne ke kwashe ruwan sama zuwa teku: Amazon, mai tsawon kimanin kilomita 6,400, wanda babu kogin da ya kai shi yawan ruwa a duniya, da kuma Orinoko. Tsakanin waɗannan koguna da rassansu howatsin yake, a Birazil, Peru, Bolibiya, Ekwado, Kolombiya, Benezuwela, Gayana da Surinam. Ba ya hawa tsaunuka. Tsuntsun ƙasa-ƙasa ne, inda ake da zafi da laima.

Ruwan sama a yawancin dajin Amazon yakan wuce milimita 2,000 a shekara, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Saboda haka kogunan suna cika suna janyewa kowace shekara, kuma cikar ba ta wasa ba ce. A birnin Manaus na Birazil, tsakanin ƙarshen janyewar ruwa da ƙarshen cikarsa akan sami bambancin kimanin mita 10. In ruwa ya taso sai ya shiga daji, ya yi watanni a gindin itatuwa, kifi na yawo a inda mutum ya taka da ƙafa a rani.

Amma ba ko'ina cikin wannan daji ake samun howatsin ba. Mutum zai iya yini yana tafiya a tsakiyar kurmi bai ga ko ɗaya ba. Wurinsa shi ne gaɓa, siririn layin nan inda itatuwa da sarƙaƙiya suka sunkuyo kan ruwa, kuma ruwan da ya fi so shi ne kwantacce ko mai tafiya a hankali: fadama, ƙoramar da ba ta gudu, dajin da ambaliya ta shiga, da itatuwan bakin teku masu tsirowa cikin ruwan gishiri.

Akwai wani irin tafki da ya fi ko'ina yi masa daɗi, kuma yadda yake samuwa abin sani ne. Kogin da ke bin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya miƙewa, lanƙwasa yake yi. A kowace lanƙwasa ruwa yana cin gaɓar waje yana zuba yashi a ta ciki, lanƙwasar tana ƙara zurfi shekara bayan shekara, har bakinta biyu su kusa haɗuwa. Ran da aka yi babbar ambaliya sai kogin ya fasa ɗan abin da ya rage tsakaninsu, ya bi gajeriyar hanya. Tsohuwar hanyar sai yashi ya toshe bakinta, ta zama tafki mai siffar lauje, ruwa a kwance lum, ganyaye sun kewaye shi. Irin waɗannan tafkuna suna da yawa a gandun dajin Manu da na Tambofata a kudu maso gabashin Peru, kuma can ne baƙi suka fi zuwa ganin tsuntsun.

A Benezuwela da Kolombiya kuwa akwai filayen Yanos, ƙasar ciyawa da kiwon shanu, inda damina ke faɗuwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kusan daidai da tamu. Can itatuwa suna bin bakin ƙoramu ne kawai, howatsin kuma yana bin itatuwan. Da damina kowane gida yana riƙe da yankinsa na gaɓa yana korar maƙwabta. In rani ya yi, ƙananan ƙoramu suka ƙafe, sai a ajiye faɗa, a taru garke-garke a inda ruwa bai yanke ba.

Abin lura a nan shi ne, duk da wannan manne wa ruwa, babban howatsin ba a saba ganinsa cikin ruwan ba. Yatsunsa ba su da fatar iyo irin ta agwagwa, ƙafarsa ba doguwa ba ce irin ta zalɓe, ba ya kamun kifi. To me ya zaunar da shi a gaɓa? Rabin amsar tana cikin abincinsa, rabi kuma tana wajen 'ya'yansa.

Abincinsa

Ganye yake ci. Wani bincike da aka yi a Benezuwela ya nuna kashi 82 cikin ɗari na abincinsa ganye ne, kashi 10 fure, kashi 8 'ya'yan itace. An lissafa fiye da iri 50 na tsirran da yake ci, ko da yake a kowane wuri 'yan kaɗan ne ke cika masa ciki. Yana kiwo da sassafe da kuma yamma lis, wani lokaci har da dare in akwai farin wata. Yakan bi reshe da ƙafa, yana buɗe fiffike don kada ya faɗi, yana tsinkar ganye da baki. Kuma yana da zaɓe. Tsohon ganye mai kauri yakan wuce shi, ya nemi toho da sabon ganye, waɗanda suka fi laushi, suka fi ruwa, suka fi sinadarin gina jiki. Ruwan da ke cikin ganyen ya ishe shi, shi ya sa ba kasafai ake ganinsa yana shan ruwa ba, ga shi kuwa ruwan na ƙarƙashinsa kullum.

A tsakiyar kurmi duhu ne, sabon toho yana can ƙololuwar dogayen itatuwa. A gaɓa kuwa rana na sauka har ƙasa, ambaliya na kawo sabuwar laka, tsirrai na fitar da toho ba fasawa, kuma a kusa da juna. Ga tsuntsun da ke neman ɗanyen ganye ba tare da doguwar tafiya ba, babu wurin da ya fi nan.

Ɗaya daga cikin tsirran da aka fi saninsa da su shi ne wanda mutanen Gayana ke kira moko-moko, 'yan Birazil kuma aninga. Yana tsirowa cikin laka a bakin ruwa, karansa ya fi tsayin mutum, ganyensa fala-fala mai tsini. Danginsu ɗaya da gwaza. Duk wanda ya taɓa ɗanɗana gwazar da ba ta dahu ba ya san ƙaiƙayin da take sa wa maƙogwaro. Tsirrai da yawa suna da irin wannan makami, wasu ƙaiƙayi, wasu ɗaci, wasu guba sosai, don kada a cinye su. Howatsin yana cin su kullum.

Me ya sa tsuntsaye masu rayuwa da ganye ba su da yawa? Dalili biyu ne. Na farko, mafi yawan abin da ke cikin ganye wani zare ne mai tauri da masana ke kira selulos, kuma babu dabba mai ƙashin baya da cikinta ke iya narkar da shi da kansa. Sai da taimakon wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da makamantansu, waɗanda ke zaune cikin cikin dabbar suna ruɓar da shi. Aikin nan yana cin lokaci, yana kuma bukatar wuri mai faɗi. Na biyu, tashi sama aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ba ya son nauyi. Tsuntsu mai tashi yana neman abinci mai yawan kuzari, mai saurin wucewa: tsaba, ƙwari, nama, 'ya'yan itace. Dangin dinya masu kiwon ciyawa sun kauce wa matsalar ta hanyar ci da yawa da fitarwa da sauri. Cikin kamar awa biyu abin da suka ci ya wuce, sun tsotsi abin da ya sauƙaƙa, sun zubar da sauran. Howatsin bai bi wannan hanya ba.

Tumbi a ƙirji

Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya san abubuwa biyu a cikinta. Akwai jakar nan mai laushi a ƙasan wuya, inda tsaba ke fara taruwa. Akwai kuma ƙundu, mai kauri da ƙarfi, inda ake niƙe tsabar da 'yan tsakuwoyi. A kaza jakar wuya ma'aji ce kawai, ƙundu ne ke aiki. A howatsin abin ya juye. Ƙundunsa ƙarami ne. Jakar wuyansa kuwa ta girma ƙwarai, ta yi kaurin nama, ta naɗe gida biyu, cikinta da tudu-tudu masu tauri da ke murza ganye in jakar ta motsa. Bayanta maƙogwaron ma ya faɗaɗa, ya rabu ɗaki-ɗaki, yana rage wa abincin gudu. Wannan sashe na gaba shi ya ɗauki mafi yawan abin da cikin tsuntsun ke iya riƙewa.

Cikin jakar nan bakteriya suke, ba iyaka. Ganye ya shigo, su hau shi, su ruɓar da zaren, su fitar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda jikin tsuntsun ke tsotsa ya mai da su ƙarfi. Makiyayi da mahauci za su gane wannan nan take, don shi ne aikin tumbin saniya da na akuya da na tunkiya. Warin da muka ambata a baya daga nan yake fitowa: aiki iri ɗaya, wari iri ɗaya. Bambancin shi ne howatsin ba ya tuƙa. Ba shi da haƙori, saboda haka murzar da saniya ke yi da baki, shi bangon jakar ne ke yi masa.

An daɗe da sanin cewa jakar wuyansa ta fita daban, amma a 1989 ne Alejandro Grajal da abokan aikinsa, bayan binciken da suka yi a Benezuwela, suka wallafa a mujallar Science hujjar cewa ruɓarwa ce ta gaske ke gudana a cikinta, irin ta tumbi. Abin ya ba masana mamaki, don a lokacin ana ganin wannan tsari sai dabba mai girman jiki. Ƙaramar dabba tana ƙona abinci da sauri, ana ganin ba za ta iya jiran ganye ya ruɓe ba. Ga kuwa tsuntsun da bai kai kilo ba yana rayuwa da shi. Har yanzu shi kaɗai ne tsuntsun da aka tabbatar yana da wannan tsari sosai.

A nan ya kamata mu bambance hanya biyu. Doki da jaki, da jimina a cikin tsuntsaye, su ma suna da bakteriya masu ruɓar da ciyawa, amma a can ƙarshen hanji, bayan abinci ya riga ya wuce ciki. Saniya da raƙumi da howatsin kuwa a gaba suke yi, kafin abinci ya isa ciki. Yin sa a gaba yana da riba biyu. Ta ɗaya, bakteriya ne ke fara karo da gubar ganye, su karya wani abu daga cikinta kafin ta shiga jini. Ta biyu, su kansu bakteriyan abinci ne. Suna hayayyafa, suna bin ganyen da ya narke zuwa ciki, can kuma a narkar da su, jiki ya samu sinadarin gina jiki. An gano cewa cikin howatsin yana fitar da wani sinadari mai fasa bangon bakteriya wanda ke iya aiki cikin tsami, irin wanda ake samu a cikin saniya da na wasu birai masu cin ganye a Asiya. Ba dangantaka ce ta haɗa su ba. Bukata iri ɗaya ce ta kai su ga mafita iri ɗaya, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan ban mamaki a duk labarin tsuntsun.

Ganye yakan yi kusan kwana biyu kafin ya gama ratsa cikinsa. Ku auna wannan da awa biyun dinya.

Abin da ya rasa

Riba ba ta zuwa kyauta. Ku sake tuna kaza: ƙashin ƙirjinta yana da wani tudu mai kaifi a tsakiya, kuma a gefensa biyu tsokar ƙirji take manne, wadda ita ce ke kaɗa fukafukai. A howatsin babbar jakar ta mamaye gaban ƙirji, ta rage wa wannan tudu wuri, ta tura shi baya. Tsokar tashi ba ta samu cikakkiyar madafa ba, ga kuma nauyin jiƙaƙƙen ganye a gaba. Sakamakon haka tashinsa da ƙyar ne. Yakan tsallake ƙorama, ko ya tashi daga wannan itace zuwa wancan, da faɗuwar fukafukai mai ƙara, ya faɗa cikin ganyaye ba shiri. Doguwar tafiya ba tasa ba ce.

Mafi yawan yini a zaune yake. In ya ƙoshi sai ya samu reshe, ya kwantar da ƙirjinsa a kai, ya bar wa bakteriya aikinsu. A ƙarshen ƙashin ƙirjin akwai wata kanta, fata mai kauri ba gashi, wadda yake dogarawa da ita a kan reshen. Wanda ya gan shi haka zai ce rago ne. Ba ragwanci ba ne, tattali ne. Abincinsa yana ba da ƙarfi kaɗan-kaɗan, dole ya kashe shi kaɗan-kaɗan.

Yanzu ku haɗa zaren. Yana cin ganye, don haka yana bukatar babbar jaka. Jakar ta rage masa tashi. Wanda ba ya tashi da nisa dole abincinsa ya kasance kusa, kuma kada ya yanke. Inda toho ba ya yankewa shi ne gaɓa. Rabin amsar ke nan.

Sheƙa a kan ruwa

Howatsin yana haihuwa da damina, lokacin da ruwa ya cika. Sheƙarsa ba ta da kyan gani, 'yan ƙirare ne aka jera sakwa-sakwa, har ana iya hango ƙwai ta ƙasa. Amma wurin da ake ɗora ta ba a yin ganganci da shi: reshen da ya leƙa kan ruwa, 'yan mitoci sama da shi. Mace takan saka ƙwai biyu ko uku, ana kwanci kimanin kwana 32, uwa da uba suna karɓeɓeniya. Sau da yawa ba su kaɗai ba ne. 'Ya'yan bara da na bara waccan sukan zauna gida, su taya gina sheƙa, da gadi, da ciyar da ƙanne. Stuart Strahl, wanda ya bi rayuwarsu a filayen Yanos a shekarun 1980, ya bayyana irin waɗannan gidaje masu tsuntsu biyu zuwa takwas.

Ɗan tsako ba ya iya cin ɗanyen ganye, don an ƙyanƙyashe shi jakarsa ba bakteriya. Manya ne ke amayo masa ruɓaɓɓen ganye daga tasu jakar, ya zura baki cikin nasu ya sha. Da wannan yake samun abinci, da shi kuma yake samun irin bakteriyan da zai rayu da su. Ciyarwar takan ɗauki watanni.

Maƙiya suna da yawa. Birai ne kan gaba wajen fasa sheƙa, ga shaho, ga macizai. Iyayen da tashi ma ke ba su wuya ba za su iya korar garken birai ba. Sukan yi ta huci da kururuwa, amma tsira tana hannun ɗan da kansa. In haɗari ya matso, ɗan tsakon da ko gashin kirki bai yi ba sai ya saki reshe, ya faɗa ruwa tsulum. Ya nutse, ya yi iyo a ƙarƙashi da fukafukai da ƙafafu, ya ɓulla can cikin sarƙaƙiya, ya laɓe. In wuri ya yi shiru sai ya kama hawa. A gaban kowane fiffikensa akwai farce biyu masu lanƙwasa. Ya maƙala na dama a reshe, ya ja jiki, ya miƙa na hagu, ya ɗora wuya, ya kama da baki, ya tura da ƙafa, a hankali a hankali har ya koma sama inda manya za su same shi. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa wajen hawa yana motsa fukafukan ɗaya bayan ɗaya, tare da ƙafar da ke ɗaya gefen, yadda dabba mai ƙafa huɗu ke tafiya, alhali sauran tsuntsaye tare suke kaɗa su. In ya girma ya fara tashi, faratan sukan ɓace, iyon ma ya bar shi.

Ruwan ba amintacce ba ne, akwai kada da manyan kifaye. Amma ya fi hannun biri. Sheƙar da ke kan busasshiyar ƙasa ba ta da wannan ƙofar gudu ko kaɗan. Ga sauran rabin amsar.

Danginsa

Tun 1776 da aka fara rubuta bayaninsa a littattafan kimiyya ake ta kai-kawo kan inda za a ajiye shi. An haɗa shi da dangin kaji, an raba. An gwada wasu dangogi, ba a daidaita ba. Yau an ba shi rukuni nasa shi kaɗai. Faratan 'ya'yansa sun sa wasu a da suka zaci jikan wani daɗaɗɗen tsuntsu ne mai farce a fiffike, wanda aka tono ƙasusuwansa a Jamus, amma masana sun bar wannan zato. Abin da ya shafe mu a nan shi ne an tono ƙasusuwan dangin howatsin a Namibiya, an kuma samu waɗanda suka fi su daɗewa a Faransa. Ke nan danginsa sun taɓa zama a Afirka, ko da yake yau babu ko ɗaya.

Shi da mutane

Wari ya yi masa rana. Mafarauta ba su cika kula shi ba, don namansa ba ya shiga kasuwa, sai dai a wasu wurare akan ɗebi ƙwansa. Ƙasar Gayana ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa, kuma hotonsa na jikin tambarinta tun samun 'yancin kai a 1966. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu a yanzu, saboda faɗin ƙasar da yake ciki.

Sai dai kada wannan ya sa a saki jiki. Ƙasar tana da faɗi, amma abin da yake amfani da shi siririn layi ne, kuma layin nan shi mutum ya fi so. A gaɓa ake sare itace don noman shinkafa da kiwon shanu, a gaɓa ake kafa ƙauye. Masu haƙar zinariya a yankin Madre de Diyos na Peru gaɓar koguna suke tonewa. Manyan madatsun ruwa, irin Belo Monte a kogin Shingu da waɗanda ke kan kogin Madera a Birazil, suna sauya lokacin cika da janyewar ruwa. Fari ma ya shigo: a Oktoban 2023 ruwa ya yi ƙasa a Manaus fiye da yadda aka taɓa aunawa tun 1902, a 2024 kuma ya ƙara yin ƙasa. Tsuntsu mai ƙarfin fiffike in an ɓata masa wuri sai ya ƙaura. Wanda tsallake ƙorama ke gajiyar da shi fa, ina za shi?

Ko masu ƙaunarsa suna iya cutar da shi. A gandun Kuyabeno na Ekwado an kwatanta sheƙun da kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido ke wucewa kusa da su da waɗanda ba a zuwa. Sakamakon, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna 'ya'yan da ake yawan zuwa kallo sun fi rama, kuma waɗanda ke rayuwa a cikinsu sun fi ƙaranci. Iyayen sun saba da mutane, 'ya'yan ne ba su saba ba. Maganin wannan ba shi da tsada: mai tuƙi ya tsaya nesa da sheƙa a lokacin reno, mai kallo ya haƙura da hoton kusa.

Tambayoyi

1. Bayyana da kalmominka yadda kogi ke haifar da tafki mai siffar lauje. Me ya sa irin wannan tafki ya dace da howatsin?
2. Howatsin ba ya kamun kifi, babbansa kuma ba ya iyo. Kawo dalilai biyu da suka hana shi barin bakin ruwa.
3. Mene ne bambancin yadda jaki ke narkar da ciyawa da yadda saniya ke yi? Wanne howatsin ya bi, kuma wace riba ya samu?
4. In fari ya sa ruwa ya janye daga ƙarƙashin sheƙa kafin 'ya'ya su fara tashi, me kake ganin zai faru? Ku tattauna a aji.

Aikin gida

Ran da aka yanka kaza ko zabuwa a gida, ku duba jakar wuya, da ƙundu, da tudun ƙashin ƙirji. Ku tsaga jakar da ƙundun, ku ga bambancin abin da ke cikinsu da kaurin bangonsu. In da hali ku roƙi mahauci ya nuna muku cikin tumbin akuya. Ku rubuta layi goma a kan abin da kuka gani, ku zo da shi darasi na gaba.